Faɗuwar Sabi'u ta jiya ba fim ba ce

Da safen nan ina buɗe shago ƙanensa ya kira ni, wai Sabi'u ya rasu jiya da la'asar. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Ban gama ajiye wayar ba sai ga bidiyon faɗuwarsa a wani gurup, mutane sun jera alamun dariya a ƙasa. Har yanzu raina a ɓace yake.

Ga wanda bai san shi ba, tela ne a Dangora, abokina tun firamare. Shi ne Masta Gatari a 'yan finafinan barkwancin da suke ɗauka da waya, malamin kareti mai ɗaure ƙugu da baƙin ɗankwalin matarsa. Karatun Masta ɗaya ne: namiji ba ya cewa wayyo, ba ya shan magani, ba ya ɗaukar jariri. Ɗalibi zai daki bulo hannunsa ya karye, sai Masta ya sa a yi masa tafi maimakon a kai shi wajen mai ɗori. Kana dariya kana jin tsoro. A ƙarshe kuma ko marin tsohuwa ko tunkuyin akuya ya kayar da Masta, ya zube yana shure-shure.

Samarin da ke koyon kareti a Ƙafin Maiyaki sun taɓa tare shi a hanya, wai yana ci musu mutunci. Ya ce, "Ba da ku nake ba, da kaina nake. Haka aka rene mu duka." Ƙarshenta shi ya ɗinka musu kayan atisaye.

Da na yi jinyar ƙafa, shi ya riƙa kai yarana makaranta a mashin ɗinsa. Bai taɓa tayar da zancen ba.

Ranar kasuwar da ta wuce muka haɗu, na ga yana dafe ƙirji. Na ce, "Sabi'u, ka je asibiti." Ya yi dariya ya ce, "Gajiya ce kawai, bari mu gama fim ɗin nan."

Haushi kamar in shaƙe shi. Mutumin da ya yi shekaru yana yi wa wannan taurin kan ba'a.

Jiya suna ɗauka a bayan gari ya zube. Abokan aikinsa suka ci gaba da ɗauka suna ƙyalƙyala dariya, don faɗuwa ce aikinsa. Sai da suka ga bai motsa ba. Ban ga laifinsu ba, suna can suna kuka. Da masu tura bidiyon nake.

Fitar ran mutum kuke yaɗawa. Mahaifiyarsa ba ta gani ba tukuna, matarsa ma haka, kuma gidan cike yake da 'yan gaisuwa, kowa da waya a hannu. Don girman Allah duk wanda bidiyon ya iso wayarsa ya goge, ya ce wa wanda ya turo masa ya goge.

Allah Ya jiƙan Sabi'u, Ya yafe masa, Ya haskaka kabarinsa, Ya raya abin da ya bari. Ku sa shi a addu'a, ku bar tsohuwar nan ta tuna ɗanta a tsaye.