Rigar Baƙon da Na Jefar a Filin Kokawa

Edita, ina gaishe ku da masu karatunku. Ku yi mini haƙuri ba zan faɗi sunana ko na mutanen da ke cikin labarin nan ba, don duk suna raye, wasunsu ma ana karanta musu mujallar nan. Lokacin da abin ya faru ni saurayi ne ɗan Damagaram, sabon malamin lakwal, wato makarantar boko, mai baki kamar rediyo. A gida an san ni a wajen kallon ƙwallo. In ƙungiyar unguwarmu ta ci, sai na bi magoya bayan ɗaya ɓangaren har ƙofar gidansu da waƙar tsiya, ran da aka ci mu kuma su rama. Haka na tashi, kuma na ɗauka haka ake son ƙungiya ko'ina a duniya. Ana nan sai gwamnati ta turo ni koyarwa wani ƙauye a arewacin Tawa, can wajen Affala, inda ban san kowa ba.

Watannin farko na sha kaɗaici, wallahi. Mutanen wannan yanki na Adar ba su yi mini rowar komai ba, sai dai girmamawar ta yi yawa. Kowa Mushe, Mushe, yadda ake kiran malamin lakwal da Faransanci, a gaishe ni a wuce. In na isa fada, wato majalisar shan shayi, sai samari su gyara zama, hira ta mutu, a miƙo mini shayi da hannu biyu kamar wani alƙali. Wanda ya ba ni ɗaki a gidansa wani dattijo ne da kowa ke kira Baba, tsohon ɗan kokawa, gwiwarsa ɗaya ta lalace har yana dogara sanda, kuma shi ke shirya duk wata kokawa da za a yi a garin. Da aka gama girbin gero, wata rana da la'asar na ji ganga, Baba ya leƙo ya ce in fito in ga abin da ya fi ƙwallon namu na birni. Na bi shi ina dariya a zuci. Ashe ranar zan kamu.

Gwanin garin wani manomi ne gajere mai faɗin ƙirji, ba ya magana sai dole. In ya shiga fili ya duƙa ya shafi rairayi, sai in ji tsigar jikina ta tashi. Kafin kaka ta ƙare na haddace kirarinsa, na san wace ƙafa yake fara kaiwa, na bi 'yan kokawarmu har Barmu a bayan moto, wato babur, na bi su har Tawa, na dawo da shaƙaƙƙiyar murya har yara a aji suna mini dariya. A nan ne samarin fada suka daina ce mini Mushe. Suka koma kirana ɗan Damagaram, suna kwaikwayon maganata, suna cewa ina shan fura kamar mai shan magani, kuma in iska ta taso a ɗaure ni da turke kada ta tafi da ni. Ban taɓa jin daɗin tsokana irin wannan ba, domin ita ta nuna mini na zama ɗan gari.

To, akwai wata kokawa da ta fi kowace girma a wurinsu, wadda suke yi da wani ƙauye na wajen Kalfu. Tun kakanni ake yin ta. Bayan girbi waɗancan su zo, daga baya namu su je, kuma ta dalilinta an yi auratayya da abota mai yawa tsakanin garuruwan biyu. Kowane baƙon ɗan kokawa ana ba shi mai masauki daga cikin 'yan gari. A shekarata ta biyu Baba ya kira ni ya ce ni zan sauki babban gwaninsu, wanda zai kara da namu. Ya ce in ciyar da shi, in raka shi fili, in riƙe masa riga da ruwa, kuma kada in bar bayansa har sai rigar ta koma jikinsa. Ya maimaita wannan na ƙarshen. Ni kuwa hankalina na can kan yadda namu zai yi da shi, abin da na ji kawai shi ne riƙon riga. Har haushi na ji a raina, wai ni da na fi kowa murya a mayar da ni ɗan riƙon kaya.

Baƙon ya iso da hantsi, dogo ne mai sanyin hali. Ya kawo mini tsarabar cuku, ya ci tuwo kaɗan, muka yi sallar azahar tare, kuma duk maganar da zai yi sai ya ce da ni maigidana. Da muka isa fili ya tuɓe rigarsa, wata shuɗiya mai aiki a wuya, ya ninke ta da kansa ya ɗora mini a hannu, ya ce amana.

An daɗe ana kai ruwa rana tsakaninsu. Can sai namu ya shige ƙarƙashinsa, ya ɗaga shi, ya maka shi da ƙasa. Edita, ban san lokacin da na yi wurgi da rigar nan sama ba. Na faɗa fili ina ihu, samari suka biyo ni, muka ɗauki gwaninmu a kafaɗa. Bai ishe ni ba, sai na juyo kan baƙon yana zaune cikin rairayi, na tsaya gabansa ina rawa ina rera irin waƙar tsiyar da muke yi a gida, cewa ya zo da tsawo zai koma da ƙasa a baya. Ina cikin yi na lura ni kaɗai nake yi. Makaɗa sun tsaya. Gwaninmu ya sauko daga kafaɗun mutane ya sunkuyar da kai. Baƙon bai ko dube ni ba, waige-waige yake yi ta inda ya bar ni tsaye da rigarsa. Ashe a al'adarsu, baƙon da aka kayar ba ya tashi da kansa, kuma ba wanda zai taɓa shi sai mai masaukinsa. Shi zai shiga ya ɗaga shi, ya kakkaɓe masa baya, ya sa masa riga, don kada baƙo ya fita tsirara a gaban mutanen da ba nasa ba. Mutumin nan ni yake jira, ni kuwa ina kansa ina rawa, rigarsa tana can ana tattaka ta.

Baba ne ya taso. Ya ratsa filin nan da sandarsa yana jan ƙafa, ya ɗaga baƙon, ya kakkaɓe shi, ya tuɓe tasa rigar ya sa masa. Dattijo mai jikoki ya fita daga fili da 'yar shara saboda ni. Baƙin ba su tsaya cin abincin da mata suka wuni suna dafawa ba, suka hau motocinsu suka tafi kafin magariba. Bayan 'yan kwanaki saƙo ya zo cewa kada namu su wahalar da kansu zuwa bana, kuma su ma baɗi suna da uzuri.

Ba wanda ya zage ni, kuma da an zage ni da ya fi mini sauƙi. Baba ya ce mini kawai laifinsa ne da ya ba ni abin da ban san nauyinsa ba. A fada aka koma Mushe, aka koma miƙo shayi da hannu biyu. Wata mata da aka auro daga can garin ta daina amsa gaisuwata. Wani abokin aikina ya ba ni shawara in nemi a canza mini wuri, ya ce shekara mai zuwa an manta da ni. Na ce masa a manta da ni ba shi ne damuwata ba. Abin da mutane suka gada tun kakanni na zo na tsinka shi da rawar minti kaɗan, in na tafi haka zai zauna a tsinke. Na rantse ba zan bar garin nan ba sai kokawar nan ta dawo, ko da zan tsufa a ajin nan.

Na koma fili na tono rigar, ta yage a kafaɗa. Na wanke ta, na kai wa tela a Tawa ya gyara, na hau moto sai garinsu. Na tarar ya tafi bida, wato neman kuɗi, bakin teku, kamar yadda mazan Adar suke yi da rani. Mahaifiyarsa ta ba ni ruwa, ta saurare ni har na gama, sannan ta ce ɗana, ba daga hannuna ka karɓe ta ba, ka mayar inda ka karɓa. Na dawo da rigar a ƙunshe. Da ruwa ya sauka na ji ya dawo noma, na sake komawa. Ya karɓe ni da fara'a, ya sa aka dama mini fura, ya tambayi lafiyar Baba, amma da na miƙa rigar sai ya ce ai ya yi wata. Na koma na uku ranar da babu lakwal, na same shi a gona, na ɗauki hauya na shiga kunya kusa da tasa. Ni da ban taɓa noman kirki ba, kafin azahar hannuna ya yi ƙulu-ƙulu da bororo, na sare masa gero ya fi ciyawar da na cire. Ya tsaya yana kallona, ya ce in don Allah ne in bar masa gonarsa haka, kada in haɗa masa kaye da yunwa. Ranar ce na fara ganin dariyarsa.

Duk da haka bai karɓa ba. Na yi ta zuwa har yaran garin suka san ƙarar motona. Sai dab da girbi, muna zaune a gindin wata bagaruwa, ya gaya mini abin da ke ransa. Ya ce kaye ba komai ba ne, an kayar da shi a wurare da yawa. Abin da bai manta ba shi ne zaman nan da ya yi a ƙasa yana neman fuska ɗaya da ya sani. Ya ce a filinmu ya tuɓe rigar, a filinmu zai sa ta, kuma ni zan sauke shi, in dattawan garuruwan biyu sun yarda. Na kawo wa Baba maganar. Ya ce in kai shi a moto. Haka na goya tsohon nan da gwiwarsa mai ciwo a kan hanyar duwatsu, ya je ya zauna da dattawansu.

Sun zo bayan girbi. Na tsaya bayan baƙona da riga da gorar ruwa, ina jin makaɗa suna kirarin gwaninmu, kirarin da na fi kowa iyawa, na danne bakina. Wannan karon baƙon ya zo da shiri. Ba a jima ba ya harɗe ƙafar namu, sai ga gwanin da nake so kamar ɗan'uwana kwance a rairayi. Wallahi sai da hawaye suka zubo mini. Na shiga da su a fuskata, na zuba wa baƙona ruwa, na sa masa rigarsa shuɗiya da hannuna, na gyara masa wuya. Shi kuma ya kama hannuna muka je tare ya ɗaga namu. Da za su tafi, bayan sun cinye abinci tas, ya ce da ni maigidana, sai kun zo.

Washegari na je fada. Ban ko zauna ba wani ya ce ga ɗan Damagaram nan, wanda ya ƙone mai a moto damina guda don ya ɗauko mana wanda zai kayar da mu. Wani ya ce a hana ni shayi, in je Kalfu su ba ni. Aka fashe da dariya, aka turo mini kofi da hannu ɗaya. Na sha shi ina murmushi kamar wawa.

Abin da na koya shi ne, son ƙungiya bai zama hujjar wulaƙanta wanda ya zo karawa da ita ba, domin in bai zo ba babu wasan. Ina kira ga matasa irina da aiki ko nema ke kaiwa garin da ba nasu ba, ku so abin da mutanen wurin suke so, amma ku fara kallon yadda suke son sa kafin ku ɗaga murya. In dattijo ya ba ku ƙaramin aiki ya maimaita shi, ku tambaye shi dalili. Yau shekaru ke nan ina garin, na yi aure a cikinsu, Baba ya rasu, Allah ya jiƙansa. Har yanzu ni ne mafi ƙarfin murya in namu na kokawa da kowane gari. Amma ran da mutanen Kalfu suka zo, ba a jin bakina, ina can bayan baƙona riƙe da riga.