Keken da Ya Haye Gada Ya Dawo

Wasan kwamfuta ne ya sa na sake haye gadar Binuwai. Sababbin direbobin layinmu suna dariya idan na faɗa, to ga yadda aka yi.

Na shigo Jimeta a ƙafa, shekarar da aka tarwatsa mutanen Mubi. Bayan mun huta, ƙanena Isa ya koma ta gadar don ya nemo mahaifiyarmu. Ita ta iso tare da wasu mutane. Shi bai iso ba. Daga baya na samu keke mai ƙafa uku, na shiga ƙungiya, aka ba ni layin Karewa zuwa kasuwa. A aikinmu kowa da layinsa, amma idan fasinja ya yi shata, wato ya ɗauki keken shi kaɗai, inda ya ce nan za ka kai shi. Ni ban da ƙetaren kogi. Fasinjan Girei ya zo, sai in nuna masa na bayana. Shugaban layinmu, Hamma Sali, ya lura, bai taɓa tambayata ba.

Bara da damina ya haɗa ni da Madam Rifkatu, malamar kwamfuta, 'yar wajen Numan, mazauniyar Karewa. Ita da ɗalibanta suna haɗa wasan gina gari. Mutum zai shimfiɗa titi a allo, ya kafa kasuwa da gidaje, sai ƙananan mutane su fito da safe su tafi aiki, da yamma su koma. Garin nasu Yola da Jimeta ne, kuma tana son cunkoson ciki ya zama irin namu. Aikina in zaga da ita tana kallon hanya.

Na ji daɗin aikin. Ranar da ta fara nuna mini wasan, na ga kekuna sun jeru a gefen titi kamar sahun salla. Na ce mata a wace ƙasa ce wannan. Ta yi dariya har da hawaye. Da suka gyara, keke na ganin an ɗaga hannu sai ya ci birki a tsakiyar titi, na baya su cushe. Na ce yanzu na gane garinmu. Ita ma ta nuna mini abin da ban taɓa lura da shi ba, cewa da damina lokacin da ma'aikata ke kwararowa cikin gari, manoma fita suke yi wajen Mbamoi, hannu ɗaya ya cika da masu takalmi, ɗayan da masu fartanya.

Saura gada. Ta ce Litinin da safe za mu bi ma'aikata da ɗalibai zuwa Girei. Na ce ta nemi wani direba. Na san idan na sauka, Hamma Sali zai ba wani aikin, kuma ban so ba, amma haka na faɗa.

Ba ta ce me ya sa ba. Ta juyo mini da kwamfutar, ta nuna wani ɗan keke rawaya, ta ce in taɓa shi. A wasan idan ka taɓa abin hawa, allo zai bi shi duk inda ya je. A bayansa an rubuta abin da ke bayan nawa, ita ta karanta mini, don ni ban yi boko ba. Keken ya ɗauki fasinja, ya miƙe, ya hau gada. Ya sauke mutane a Girei, rana ta faɗi da sauri kamar yadda take yi a wasan, ya shigo cikin jerin masu komowa, ya sauko Jimeta. Na ce ta sake. Ta sake. Ban san sau nawa na kalla ba.

Na ce, "Madam, wannan ƙarya ne. Ba kowa ke dawowa ba."

Ta ce, "Na sani, Bappa. Yayana soja ne, can ƙetaren ya tafi, ba mu sake ganinsa ba. Amma waɗannan ba ni na ƙirƙiro su ba, a titi na kwaso su. Je ka bakin gada da la'asar ka duba ko na ƙara ko ɗaya."

Na je. Na ajiye keke, na tsaya. Malamai da jakunkuna, mata da kwandunan kifi, motar shanu, wani tsoho rungume da akuya a cikin tasi. Kowa fuska a murtuke, kowa na sauri ya isa gida. Shekara da shekaru haka suke yi kullum, ni ina bayan kasuwa ban sani ba.

Litinin na ɗauke ta. Muka hau gada, ina karanta duk addu'ar da na iya, ita tana rera waƙar coci a hankali tana kallon motoci. Na tafi a sanyaye, har wani mai tasi a bayana ya cika mini kunne da oda. Ya leƙo ya ce, "Baba, amarya ka ɗauko ne? Idan barci kake ji ka koma gida."

Raina ya ɓaci. Na leƙa na ce masa tun yana cikin tsumman goyo nake tuƙi, idan sauri yake ya sauka ya yi iyo. Muka yi ta musaya, fasinjojinsa na zuga shi, Madam na zuga ni. Da na maido idona gaba, sai na ga jar ƙasar ƙetare a ƙarƙashin tayata. Ban san lokacin da kogin ya wuce ba. Na tsaya a gefe na yi dariyar da na daɗe ban yi irinta ba. Mai tasin ya wuce yana cewa tsohon nan ya zautu.

Ku da kuke ƙorafin cunkoson yamma, ni ma ina yi. Amma na gane cewa rabin aikinmu kai mutane ne, rabi dawo da su, kuma titin da ya cushe da la'asar titin garin da mutanensa ke komawa gida ne.

Wasan yana nan, ɗalibai na bugawa, ɗan kekena yana ciki yana tare musu hanya. Ni kuma na roƙi Hamma Sali ya sauya mini layi. Yanzu a layin Girei nake.