Ranar da Na Ɗora Abokina a Sikelin Masara

A shekarun casa'in, mu samarin Majidaɗi mukan yi tseren keke da na Abbare duk ƙarshen damina, a ƙare a kan wani ɗan tudu da ke bayan gari. Kowace unguwa mutum ɗaya take fitarwa. Shekarar da aka ce ni zan zaɓi namu, ina ɗan akawu, kaina ya kumbura da wata tsohuwar mujallar Turawa da na tsinta a ofis. Na ga hotunan masu hawan duwatsu da keke, duk ƙashi da fata, sai na yanke cewa hawa na marasa nauyi ne.

Kowa ya san wanda ya cancanta. Abokina ne, ɗan Mumuye, mai dakon doya a keke daga ƙauyensu zuwa kasuwa, cinyarsa kamar turmi. Shekara uku yana jiran a ba shi wannan dama.

Ni kuwa, don a san na yi boko, na ja samarin har Kasuwar Jalingo, na sa kowa ya hau sikelin masu masara. Da abokina ya hau, 'yan kasuwa suka kwashe da dariya, wani ya ce, "Nawa buhun?" Ni ma na yi dariyar, kuma ita ta fi cin raina yau.

Ya ja ni gefe ya ce, "Ɗan'uwa, wannan tudu ba ta da tsawo fa. Kafin nauyi ta kama ni, na gama shi. Ƙarfi ne kawai."

Na ce masa lissafi ba ya ƙarya. Sikeli ya nuna na fi kowa rashin nauyi, saboda haka na zaɓi kaina, ko kunya babu.

Ranar tsere na iso gindin tudun kafaɗa da kafaɗa da ɗan Abbare, wani ƙaton makaniki. Ina jira nauyinsa ya ja shi baya, sai ya miƙe tsaye a kan feda, ya taka kamar sau ashirin, tudun ya ƙare. Ya bar ni a tsakiya ina haki. Ashe mutanen mujallar awa guda suke yi suna hawa, namu ko minti ɗaya bai kai ba.

Da na ƙarasa sama, abokina ne ya riƙe mini keken. Kusa da shi ga wani tsoho da sanda, mahaifinsa ne, ya tako daga ƙauye tun asuba don ya ga ɗansa a tsere. Babu wanda ya kai masa labarin an canja. Tsohon ya dube ni ya ce, "Yaro, me ya hana ɗana hawa?"

Kafin in buɗe baki abokina ya ce, "Baba, ƙafata ce tana ciwo."

Na bar tsohon ya tafi da wannan ƙaryar. Shekarar da ta biyo aka daina tseren, ni kuma har yau ban ba abokina haƙuri ba.