Dattijon da Malam Ya Karɓa wa Magani

Har yau ban manta da safiyar Talatar da Malam Liman na unguwarmu, Yalwawa, ya shigo asibitinmu ba. A watan Rajab ne, shekarar da ta gabaci ritayata, ina babban jami'in jinya a sashen da ake duba marasa lafiya su koma gida. Ƙa'idarmu, mutum ya yanki kati, mu gwada jininsa, mu ji kukansa, sannan ya ga likita.

Malam kuwa a bayansa na yi shekaru ina salla. Mutum ne mai son doguwar sura, har matasa kan yi gunaguni. Amma a 'yan watannin nan karatunsa ya gajarce, yana sallamewa sai ya yi wuf ya fice, daga baya ma ya bar wa na'ibi limancin gaba ɗaya. Aka yi ta cewa tsufa ne. Ga azumi ya matso, ba a san wanda zai ja tarawihi ba.

Da ya zauna muka gaisa, sai ya ce wani dattijo ne maƙwabcinsa ya aiko shi. Fitsari ke matsa wa bawan Allahn ba sallama, kafin ya kai bayi wani lokaci har ya ɗiga, alwala ba ta zama. Yana magana yana kallon carbinsa. Nan na gane kansa yake nufi. Tausayi ya kama ni, don shi ya karantar da mu hukuncin mai yoyon fitsari, ya kuma san an ƙi irin wannan ya ja masu lafiya salla.

Na ce, "Allah gafarta Malam, sai dai fa likita zai so a gwada fitsarin dattijon."

Sai ya ce, "To, ai sa'ana ne. A gwada nawa."

Na gimtse dariya na miƙa masa kwalba. Na riga shi shiga wurin likita, na roƙi likitan kada ya ɓata mana wasan. Aka duba suga, aka duba ko ƙwayoyin cuta ne, aka duba kumburin nan da ke tare wa maza fitsari in sun manyanta, duk babu. Mafitsara ce kawai ke matsewa tun ba ta cika ba. Likita ya rubuta ƙwaya, ya ce za ta iya busar da baki, kuma sai an yi makonni kafin a ga amfaninta.

Sauran aikin nawa ne. Da na bincika, ashe dattijon ya ƙaurace wa ruwa don tsoro, amma goro bai bar bakinsa ba, ga shayi safe da yamma. Liman ne fa, kowane suna da ɗaurin aure goro ake kawo masa. Na ce a faɗa wa dattijon ƙarancin ruwa na sa fitsari ya yi kauri ya ƙara tsokanar mafitsara, ya riƙa sha kaɗan-kaɗan da rana. In matsin ya zo, ya tsaya cik, ya tsuke kamar mai riƙe iska har ya lafa, a hankali yana ƙara tazara. Goro da shayi kuwa a rage su ƙwarai.

Malam ya ce dattijon zai iya komai, amma batun goro sai an lallashe shi. Na ce a ci gaba da lallashi.

Haka muka yi ta yi, yana zuwa yana kawo mini labarin maƙwabcinsa. Wani mako da daɗi, wani mako an yi ɗaurin aure an koma gidan jiya.

Daren farko na azumi na shiga sahu, sai na ji muryarsa. Ya ɗauko Baƙara, bai yi gaggawa ba, har gwiwoyina suka fara ƙorafi, ni kuwa idona ya cika da ƙwalla. Da aka idar ya kama hannuna, ya zuba mini goro cike da tafi.

"Dattijon nan ya ce a gaishe ka. Ya ce wannan rabonsa ne, ka ci masa."

Shi ya sa nake gaya muku, ku yara masu tasowa a aikin asibiti, in babba ya zo da ciwon maƙwabcinsa, kada ku yi masa wayo. Ku yi wa maƙwabcin magani da kyau. Mutanenmu sun fi jure ciwo a kan a yaye musu mutunci, kuma da na yaye na Malam ranar nan, da bai sake dawowa ba.