Kamiyon Maigidana da 'Yar Gwangwanin Maƙwabta

A shekarun da arzikin mai ya buɗe a Libiya, duk inda ka waiga a Sabha gini ake yi. Maigidana kamiyo yake ja, wato babbar motar kaya, ƙato mai ƙafa goma, yana kwaso siminti da rodi daga bakin teku. Mijin maƙwabciyata kuwa bakanike ne, ya sayi wata 'yar mota da ake ɗaga ƙofar bayanta sama a zuba kaya. 'Yar gwangwani nake ce mata. A baki ke nan. A zuci, Allah ya sani, motar nan ta hana ni sakat.

Har ƙofar gida take shigowa cikin lungunmu. Namu kamiyon sai can bakin gari ake ajiye shi, kusa da masu awaki. Maƙwabciya ta je kasuwa ta dawo da tukunyar gas da buhun taliya, ko gumi babu. Ni matar mai babbar mota in ɗauko nawa a ka, ina haki.

Ana nan sai wata 'yar garinmu, da mijinta ke ban ruwa a lambunan Samnu, ta haihu. Ta aiko cewa ni za ta ba aikin rabon naman suna. A baƙon wuri wannan ba ƙaramin abu ba ne. Ba uwa kusa, ba gwaggo, wadda ta raba nama ita ce uwar gidan daga ranar.

Ranar suna da safe maƙwabciya ta leƙo. "Yaya, zo mu tafi tare, akwai wuri."

"Ni a gwangwani? Ku dai je, Allah ya sa kar iska ta kwashe ku a hanya."

Na tasa maigida gaba. Ya ce kamiyo ba motar biki ba ce. Na ce yau ya zama. Sai da na tattare sabon zanina har gwiwa kafin na hau, amma da na zauna can sama ina hango kan kowa, raina ya yi fari.

Abin da na manta shi ne al'adar direbobin sahara: ba a wuce mai tsaye a bakin hanya muddin da wuri a mota. 'Yar gwangwani ta ɗauki mutanen gida ta cika, ba mai ganin laifinta. Kamiyo kuwa ba shi da bakin cewa ya cika. Ba mu bar gari ba muka kwashi leburori. Gaba kaɗan wani tsoho da awakinsa, zai sauka wajen Tamanhint. Sannan wani Balarabe da injin ban ruwa, wanda sai da muka saki kwalta muka kai masa har cikin gona, aka kuma tsaya shan shayi.

Na ce, "Malam, nama fa ba ya jira!"

Ya ce, "In na wuce su yau, ranar da na maƙale a rairayi wa zai tsaya mini? Ke?"

A Samnu hanyar da ta ratsa lambunan dabino siririya ce, ga magudanan ruwa hagu da dama. Kamiyo ya tsaya a bakin kwalta. Na sauko na taka rairayi mai zafi, takalmi a hannu, bayan la'asar.

Ga 'yar gwangwani a inuwa, dab da ƙofa. A cikin gidan suna maƙwabciyata na zaune gaban farantin nama, hannu duk maiƙo, mata na ta yi mata sannu da aiki.

Mai jego ta sunkuyar da kai. "Yaya, mun jira, wallahi mun jira."

Maƙwabciya ta miƙo mini kwano. Cinya ta ware mini, tsoka zalla. Da ƙashi ta ba ni da na samu abin faɗa. Na ci, na yi godiya.

Daga ranar, in yaron ya yi zazzaɓi maƙwabciyata ake kira, in za a yi masa aski ita ake tambaya. Da ya fara magana, Inna yake ce mata. Ni kuwa yana gaishe ni da ladabi, kamar yadda ake gaida kowace baƙuwa.