Kunyoyin Bakin Daji

Mahaifina mutum ne da idan ya ce a'a, gara ka je ka nemi ruwa ka sha ka huta. Na san haka tun ina yaro, amma shekarar da ruwa ya ɗauke mana da wuri na ga iyakar taurin kansa, har yau kuma idan na tuna sai raina ya ɓaci.

Ina aiki a Tambuwal, shi kuma yana ƙauyenmu a ƙasar Kebbe, don haka duk ƙarshen mako nake hawa babur in je gida. Geron shekarar bai yi abin kirki ba. Abin da ya rage wa gidan shi ne dawar da ke babbar gonarsa, wadda ta yi iyaka da daji ta gabas. Ta fid da kai, amma tsabar ba ta ƙosa ba, ruwa ɗaya take jira. Da ita za a ci tuwo har wata damina, in ta samu.

Ruwan nan bai zo ba. Ciyawar daji ta bushe tun kafin lokacinta, gamba ta yi fari fat, in ka taka sai ka ji ƙaras-ƙaras. A hanya na ga inda wuta ta cinye wani fili wajen Dogon Daji, baƙi ƙirin har bakin titi. Hankalina ya tashi, don na san gambar da ke gefen gonarmu ta fi ni tsayi, kuma tana taɓa ganyen dawa.

Abin da ake yi sananne ne. A sare ciyawar gefe, a sare 'yan kunyoyin dawa da ke bakin daji, a share wurin tas, yadda in wuta ta zo za ta rasa abin kamawa. Sai dai a wajenmu ba a yin wannan aiki sai damina ta ƙare. Nan ne muka saɓa da Baba.

Na same shi a zaure yana gyaran ƙotar fartanya, na gaishe shi, na kawo maganar a hankali.

"Baba, da an share bakin gonar nan. Daji ya bushe ƙwarai."

Bai ko ɗago kai ba. Ya ce, "Mi za a share? Damana ba ta wuce ba."

"Ai ruwa ya ɗauke, Baba."

"Kai ka riƙe da makullinai? Ruwa na nan tahe. In sare dawata tana tsaye tana jiran rahama, in ce wa Ubangiji na hidda rai? Ba da hannuna ba."

To, me za ka ce wa wanda ya kai maganar share ciyawa har gaban Ubangiji? Na ce a bar dawar, a sare gambar kawai. Ya ce gambar ta saƙar zanar gida ce, ba ta isa yanka ba. Na ce na ga gobara da idona a hanya. Ya ce mutanen can ne ba su da kula. Na fita daga zauren nan ina huci, na shiga wurin Inna na zazzage mata. Ta saurare ni tana tankaɗe, sannan ta ce, "Ubanka na, ka san shi. Ci abinci."

Mako na biyu na kawo masa ƙaninsa, na ce ko zai ji maganarsa. Suka yi hira, suka sha fura, ƙanin ya fito yana gaya mini wai lallai gabas ta yi alamar hadari. Wallahi ji na yi kamar in yi kuka. Mutum biyu masu furfura sun zauna sun yarda da juna a kan gajimaren da ko inuwa ba ya yi.

Na yi tunanin in ɗauko 'yan ƙwadago su share a ɓoye. Amma gonarsa ce, kuma wanda duk ya sa adda a dawar dattijo ba da izininsa ba, ya san abin da ya tara wa kansa a gari. Na haƙura, ina ta cin raina a banza.

Ranar wata Asabar bayan azahar, ina wanke babur a ƙofar gida, sai na ji ana ihu: wuta, wuta a gabas! Daga baya aka ce masu haƙon gafiya ne suka yi wa rami hayaƙi, ko da yake har yau babu wanda ya amsa laifin. Muka kwasa a guje, kowa ya karyo reshen sabara. Iska na kaɗawa, wutar na tafiya cikin gamba tana ƙara kamar ana suya. Duka muke, tana tsallake mu.

Ina waiwayawa sai na hango Baba a cikin gona, ya tuɓe riga, adda a hannunsa. Ba a bakin daji yake ba, don can ta riga ta kama. Ya ja da baya sosai zuwa tsakiya, yana sare dawarsa da hannunsa, yana kirana.

"Taho nan! Ku bar wancan, ya tahi! Ku sare nan!"

Muka bar duka muka koma sara. Muna sara, wasu na janye karan, wasu na kankare ƙasa da fartanya. Hayaƙi ya cika mana ido da maƙogwaro. Da wutar ta iso inda muka share sai ta tsaya tana lasar ƙasa, muka bi ta da rassa har ta mutu.

Kusan rabin gonar ya tafi, wani wuta ta ci, wani mu muka sare. 'Yan kunyoyi na roƙa, ga abin da aka biya. Na nufo shi da magana cike da bakina, na shirya ta tsaf tun ina sara, kuma na rantse sai na faɗa.

Na tarar da shi zaune a kan kunya, gashin hannunsa ya babbake, tafinsa ya yi bororo. Ya ɗauki zangarniya ɗaya daga waɗanda muka sare yana murzawa, farin ruwan tsabar yana fita a yatsunsa. Na tsaya a kansa. Maganar ta ƙi fita, abin ya ƙara ba ni haushi.

Ya ajiye zangarniyar. Can ya ce, "In ka isa gida, ka ce wa innarka ta ɗauke tulunan da ta jera ƙarƙashin indararo. Damana ta wuce."