Malam Iro ya ce in sayi diski biyu

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ina cikin buɗe shago da safen nan aka kira ni daga Makarfi, wai Malam Iro mai hoto ya rasu bayan sallar asuba.

Na daɗe a tsaye da kwaɗo a hannu, na rasa ko buɗewa nake yi ko rufewa.

Ga waɗanda ba su san shi ba, shi ne dattijon nan mai shagon hoto kusa da tasha. Ni Sabi'u, a hannunsa na koyi sana'a. Ban wuce firamare ba, Turancina na gaisuwa ne, amma bai taɓa sa na ji kunyar hakan ba.

Ba ya tsawa. Ranar da na ɗauki wani mutum na yanke masa rabin kai, sai ya miƙo min hoton ya ce, "Wannan bawan Allah da hularsa ya zo, ka mayar masa da abarsa."

In ya sayi rake, gindin yake karya min. Ya ce haƙoransa sun yi ritaya.

Akwai abin da ke cina tun safe, kuma sai na faɗe shi.

Bara da na buɗe nawa shagon a Kudan, na tashi sayen kwamfutar tebur ta gyaran hoto. Duk abin da masu sayarwa ke faɗa ban gane ko ɗaya ba, sai na tafi wurin Malam. Ya zaunar da ni a benci, ya yi min bayani da yaren gona.

Ya ce furosesa shanun huɗa ne, in nemi matsakaita masu ƙarfi, ba tsere zan je ba. Ram kuwa wurin shanya ne, in ya yi kaɗan sai ka yi ta kwashe wannan kafin ka baza wancan, don haka kada in yi ƙasa da giga sha shida. Allo kuma, ya ce in tafi da hoton wanda na sani in sa a buɗe min. "In ka ga baƙin mutum ya koma ruwan toka, ko ya yi ja kamar manja, ka bar musu kayansu."

Sai ya zo kan diski, inda hotuna ke zama.

"Wannan shi ne rumbu. Biyu za ka saya, ɗaya na aiki ɗaya na ajiya. Abin da ka zuba a wannan, ka zuba a wancan kafin ka tashi daga kujera."

Na ce, "Malam, ɗaya babba ba zai isa ba?"

Ya ce, "Babban ma mutuwa yake yi. Kuma ba ya jinya balle ka shirya."

Da ajami ya rubuta min komai a bayan wani hoto da ya lalace, don ya san shi na fi saurin karantawa.

Na tafi Kano da takardata. A wani shago aka nuna min akwatin kwamfuta mai gilashi a gefe, fankokinsa suna canza launi, ja, kore, shuɗi. Mai shagon ya ce diski biyu tsoron tsofaffi ne, na zamani ba ya lalacewa. Abin da ke aljihuna ba zai ɗauki akwatin da diski na biyu a tare ba. Na hango mutane suna leƙowa shagona suna kallon fitilun nan.

Fitilun na ɗauka.

Da Malam ya zo yi min Allah ya sanya alheri, ya daɗe yana kallon akwatin, sannan ya ce, "Sabi'u, wannan kwamfuta ce ko motar amarya?" Muka yi dariya. Sai ya tambaya, "Na biyun fa?"

Na ce, "Yana ciki, Malam."

Idonsa ya riga ya yi rauni, bai leƙa ba. Ya yarda da ni.

A ranar ya ciro wani memorin kyamara daga aljihu, a naɗe cikin takarda. Hotunan matarsa ne, marigayiya Inna Mairo. Ba ta son hoto, duk zamansu sau ɗaya ta yarda ya ɗauke ta, ranar bikin ƙanwarta a Likoro. Yana so in gyara ɗaya, in yi shi babba, a ba autarsu Hajara, wadda tana ƙarama uwar ta rasu. Shi ya daina bambance launi.

Ya ce, "Kada ka ƙara mata fari, kada ka goge mata tsagar fuska. Yadda Allah ya yi ta."

Na kwafe hotunan a kwamfuta. Bayan kwana biyu na samu aikin walimar sauka a Taba, memorina ya cika ana tsakiyar taro. Na goge na Malam na ci gaba da ɗauka, ina ce wa kaina ai suna kan kwamfuta.

Ba a yi wata ba, wata rana da azahar aka dawo da wuta da ƙarfi. Na ji ɗan ƙara, na ji ƙauri. Na kai diskin Zariya, na kai shi Kaduna. Memorin ma an gwada, aiki ya riga ya hau kansa sau da yawa. Duk wanda ya duba sai ya ba ni haƙuri.

Tun daga nan na daina zuwa shagon Malam. In aiki ya kai ni Ikara, da na iso Makarfi ta bayan tasha nake zagawa da babur.

Kwana goma da suka wuce muka haɗu a kasuwar Makarfi. Ina tayin albasa ya gane muryata. Ya riƙe hannuna, ya tambayi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya, har da kajin mahaifiyata. Sannan ya ce, "Yaya Inna Mairo?" kamar baƙuwa ce ya ajiye a gidanmu.

Bakina ya buɗe zan faɗa. Wallahi ya buɗe.

Na ce, "Tana nan, Malam. Saura kaɗan."

Ya ce, "Ba gaggawa. Kai ba ka da garaje, shi ya sa na ba ka."

Ganinmu na ƙarshe ke nan.

Yau bayan mun dawo daga maƙabarta, na ja babban ɗansa Auwalu gefe, na faɗa masa komai. 

Ya ce, "Ni na yafe. Baba ma da ka faɗa masa, shiru zai yi maka na kwana biyu, sannan ya aiko a kira ka. Matsalar Hajara ce. Baba ya yi mata alkawarin hoton nan, kuma tana cewa fuskar Inna ta fara ɓace mata. Na katin zaɓe kawai ya rage, shi ma ya koɗe, ba a gane kowa."

Shi ya ce in rubuta a nan, ko Allah zai sa a dace.

Don haka ina roƙonku. Duk wanda ya je bikin ƙanwar Inna Mairo a Likoro, ko mahaifiyarsa ta je, ko yana da tsohuwar waya a cikin akwati, don Allah a duba. Doguwa ce, baƙa, mai tsaga biyu a kowane kunci. Ko a bayan mutane ta fito, ko rabin fuska ne, ku turo min. Zan zauna a kansa ko wata nawa zai ɗauka.

Gobe zan koma gaisuwa, kuma da bakina Hajara za ta ji.

Allah ya jiƙan Malam Iro, ya haskaka kabarinsa, ya haɗa shi da Inna Mairo a Aljanna. Allah ya ba iyalansa haƙuri. Duk wanda ya karanta wannan, don Allah ya yi masa addu'a. In da saura, ku roƙa min Allah ya yafe min amanar da na kasa riƙewa.